Falwayar Titi ko Tashar Caji Mai Sauri: Wanne Zai Riƙe Mazaunin Gefen Landan da Ba Shi da Farfajiya?

Wani ƙanena da ke aikin jinya, wanda ya kama haya a wata unguwa ta gefen Landan, ya turo mini hoton taswira daga wayarsa. Taswirar cike take da ɗige-ɗige masu launi, kowanne yana nuna wurin cajin mota, ya kuma rubuta a ƙasanta cewa: "Yaya, ka ga wuraren caji ta ko'ina, me zai hana ni sayen motar lantarki?" Gidan da yake ciki na bene ne a saman shaguna, babu farfajiyar ajiye mota, saboda haka duk motar da zai saya a bakin titi za ta riƙa kwana. Na shekara uku ina caji a bakin titi a wata unguwar ta daban, kuma abin da na fahimta shi ne yawan ɗigon da ke taswira ba ya amsa tambayarsa, domin ɗigo ɗaya yana iya zama soket mai cika batir cikin dare guda, wani kuma na'ura ce mai cika shi kafin mutum ya gama shan shayi, kuma farashinsu da wahalarsu ba su ko yi kusa da juna ba.

A farkon 2025 alƙaluman Ma'aikatar Sufuri ta Birtaniya sun nuna cewa na'urorin caji na jama'a sun haura 73,000 a faɗin ƙasar, kusan kashi uku cikin goma kuma a Landan suke. Wanda ya ji haka zai ɗauka cewa mazaunin Landan ya tsira, amma rabon bai tafi daidai ba. Ƙananan hukumomin tsakiyar birni irin su Westminster da Hammersmith and Fulham kowaccensu tana da sama da 2,000, yayin da na gefe irin su Harrow da Havering da Bexley suka daɗe a sahun baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a tsakiyar birni kusan kowa a titi yake ajiye mota, don haka hukumomin can suka fara da wuri, su kuwa na gefe sun dogara da cewa yawancin gidajensu suna da farfajiya, mai gida zai kafa na'urarsa a jikin bango. Wannan zato gaskiya ne ga mai gidan kansa, amma ya bar ɗan haya da mazaunin bene da na gidajen nan masu manne da juna a jere babu madafa. Gwamnati ta ware fam miliyan 381 a ƙarƙashin asusun LEVI domin ƙananan hukumomin Ingila su cike wannan giɓi, sai dai tsakanin ware kuɗi da fitowar soket a ƙofar gidan mutum akwai ba da kwangila da neman izini da tonon titi.

Kafin a kwatanta komai sai an riƙe ɗan lissafi guda a ka. Ana auna abin da batir ke ɗauka da yunit, irin yunit ɗin mitar gida, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Matsakaiciyar motar iyali tana da batir mai kimanin yunit 60, kuma masu ita ba su cika barin sa ya sauka ƙasa da kashi 20 ko su cika shi sama da kashi 80 ba, don haka abin da ake zubawa a zama ɗaya kimanin yunit 36 ne. Kowane yunit yana kai mota mil uku da rabi a matsakaicin hali, ƙasa da haka a tsakiyar hunturu idan ana ɗumama cikin motar. Yunit 36 ke nan mil 126. Mutumin da zuwa aiki da dawowarsa mil 20 ne ba ya bukatar caji kullum, sau ɗaya ko sau biyu a mako ya ishe shi. Mutane da yawa suna tsorata ne saboda suna kwatanta motar da wayar hannu da ake jonawa kowane dare.

Zaɓi na farko, wanda a ganina shi ne ginshiƙi, shi ne soket ɗin da ake dasawa a jikin falwayar fitilar titi. Dabarar ta samu ne bayan da aka sauya fitilun titi zuwa na LED marasa cin wuta, sai aka sami rarar ƙarfi a wayoyin da ke ciyar da su. Kamfanin ubitricity, wanda Shell ta saya a 2021, da kamfanin char.gy su ne suka fi yawan irin waɗannan a Landan, akwai kuma gajerun turaku na bakin titi irin na Connected Kerb da ke aiki kusan iri ɗaya. Ƙarfin soket ɗin falwaya bai cika wuce kilowat biyar ba, ma'ana yunit 36 ɗin nan zai ci kusan awa takwas. A rubuce wannan kamar nawa ce mai yawa, amma awa takwas ɗin nan mai motar barci yake yi, kuma ko babu caji a nan motar za ta kwana. Ainihin lokacin da aikin ke ci masa bai wuce minti biyu ba: ya ciro wayarsa daga but, ya soka kai ɗaya a falwaya ɗaya a mota, ya buɗe manhaja ya danna.

Aibin wannan zaɓi a wurin ajiye mota yake. A tituna da yawa ba a keɓe gurbin da ke gaban falwayar ga motocin lantarki ba, kowa yana da ikon tsayawa a wurin. A titinmu soket biyu ne, kuma na sha dawowa da ƙarfe shida na yamma a watan Janairu, duhu ya rufa tun kafin biyar, in tarar da motar kaya ta mai gyaran famfo a gaban ɗaya, motar fetur ta maƙwabci a gaban ɗayan, 'yar fitilar soket ɗin tana ƙyalli ba mai amfani da ita. Babu laifin da suka yi, don haka babu wanda zan kai ƙara. Abin da ya rage mini wahala shi ne sauya wayar mita biyar da ta zo da motar da mai mita goma, wadda ke iya kaiwa daga gurbi na gaba ko na baya, sannan na koyi cewa safiyar Asabar, lokacin da mutane suka fita cefane, ita ce lokacin kama wuri. Akwai kuma lokacin da ɗaya daga cikin soket ɗin ya mutu ya yi mako uku a haka, duk da na kira kamfanin da ke kula da shi har sau biyu. Wanda soket ɗaya tak ne a kusa da shi, irin wannan mako ukun zai gane kurensa.

Wani abu da ya shafi unguwannin gefe musamman shi ne inda falwayar take tsaye. Dabarar ta fi sauƙi idan falwayar tana daf da bakin kwalta, amma a tituna da yawa na bayan gari an kafa ta ne a jikin shingen gidaje, can bayan dandamalin masu tafiya a ƙasa, kuma ba za a yarda waya ta gitta inda makaho ko mai keken guragu ko mai tura jariri zai bi ba. A irin wannan wuri sai an tona an kafa ƙaramin turke a bakin kwalta an ja masa wuta daga falwayar, abin da ke ƙara kuɗi da jinkiri. Saboda haka mai son sanin ko titinsu na da rabon samun soket nan gaba, ya leƙa ya ga ta wane gefe fitilun suke.

Na'urorin da ke harabar manyan kantuna da wuraren motsa jiki da tashoshin jirgin ƙasa ba za su ci mana lokaci ba. Yawancinsu kilowat 7 ne ko 22, kuma lambar 22 ɗin tana yaudara, domin motoci da yawa ba sa iya karɓar fiye da 7 ko 11 daga irin wannan wuta, in ban da kaɗan irin su Renault Zoe. Cefanen awa ɗaya a kan kilowat 7 yana ba da kimanin mil 25, ƙari ne mai daɗi amma ba abin dogaro ba. Zamanin kyauta ma ya shuɗe, domin Tesco ta daina bayar da cajin kyauta tun Nuwamban 2022. Harabar kanti kuma tana da iyakar lokacin tsayawa, kyamara na karanta lambar mota, kuma kasancewar mutum yana caji ba ya hana takardar tara zuwa gida.

Zaɓi na biyu mai nauyi shi ne tashar caji mai sauri, wadda ke farawa daga kilowat 50 har zuwa 150 da sama. Ita ce ta fi kama da gidan mai, shi ya sa hankalin sabon shiga ya fi kwanciya da ita. A kan kilowat 50 yunit 36 ɗin nan zai ɗauki kimanin minti 45, a kan 150 kuwa minti 20 zuwa 30, gwargwadon abin da motar ke iya karɓa da kuma ɗumin batir, domin batir mai sanyi ba ya shan wuta da sauri. Wayar a jikin na'urar take, ba sai mutum ya zo da tasa ba. Doka ma ta fi kare mai amfani da ita: dokokin wuraren caji na jama'a na 2023 sun tilasta cewa daga Nuwamban 2024 kowace na'ura mai kilowat 50 zuwa sama ta karɓi katin banki kai tsaye, kamfanonin su tabbatar na'urorinsu masu sauri na aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, su kuma samar da layin waya na kyauta dare da rana. Sharaɗin katin banki bai hau kan na'urar da ba ta kai kilowat 8 ba, shi ya sa har yanzu soket ɗin falwaya sai da manhaja ko ɗaukar hoton lambar QR, kuma yana da kyau a shafa lambar da yatsa a tabbatar ba wata 'yan damfara suka liƙa a kai ba.

Sai dai a farashi ne gizo ke saƙar. A 2025 yunit ɗaya a tashar sauri yana kaiwa kimanin peni 76, a na'urorin jama'a masu tafiya a hankali kimanin peni 52, alhali mai na'ura a gida da ya shiga tsarin wutar dare, irin wanda kamfanin wutar lantarki na Octopus ke bayarwa daga 11:30 na dare zuwa 5:30 na asuba, peni 7 yake biya. Wani ɓangare na tazarar haraji ne, domin a shekarar ana ɗora VAT na kashi 20 a kan cajin jama'a, na wutar gida kuwa kashi 5, sauran kuma kuɗin na'urori ne da hayar fili da jan babbar wuta. Idan aka ɗauki mai tafiyar mil 8,000 a shekara, zai sha kimanin yunit 2,300. A gida da dare wannan kusan fam 160 ne, a falwaya kusan fam 1,200, a tashar sauri kusan fam 1,750. Motar fetur mai tsimin mai, a kan farashin fam 1.35 kowace lita, tana cin kimanin peni 14 a mil, wato kusan fam 1,120 a shekarar. Lissafin ya nuna cewa mai dogaro da falwaya ya yi kunnen doki da mai fetur, har yana iya biyan ƙasa da shi idan kamfanin titinsu na rage farashi da dare, shi kuwa mai dogaro da tashar sauri kaɗai ya biya tsadar mota ya kuma zo yana biyan fiye da kuɗin mai.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Minti talatin ɗin tashar sauri lokaci ne da mutum ke zaune a cikin mota yana jira, ga tafiya da dawowa, ga layi in an yi rashin sa'a. Layin kuma yana da sanadi: tun 1 ga Janairun 2023 hukumar sufuri ta Landan, TfL, ba ta ba wa motar haya ta kira lasisin farko sai idan tana iya tafiya ba hayaƙi, don haka direbobin Uber da makamantansu suka cika tashoshin, musamman da tsakar rana da kuma bayan an tashi daga aiki. Su sana'arsu ce, ba su da zaɓi. Wannan ya sa tasha mai na'urori shida ko takwas, irin wadda TfL ta buɗe a Glass Yard da ke Woolwich, ta fi na'ura ɗaya tilo a bayan gidan mai daraja nesa ba kusa ba, ko da ta fi ta nisa da mil biyu, domin na'ura ɗaya idan ta lalace ko aka riga ka, tafiyar ta tashi a banza. Tun Mayun 2022 Tesla ta buɗe wasu tashoshinta ga motocin wasu kamfanoni, kuma sau da yawa farashinsu ya fi sauƙi, don haka ya dace a duba ko akwai irinsu a kusa. A kowace tasha kuma a cire waya a kashi 80, domin daga nan saurin yake faɗuwa ƙwarai, kuma wasu kamfanoni suna cajin tarar zaman banza idan mota ta gama ba a ɗauke ta ba.

Akwai tarko ɗaya ga mai neman tsohuwar mota mai araha. Nissan Leaf ta cika kasuwar motocin hannu, farashinta kuma na jan hankali, amma tsofaffin samfuranta suna cajin sauri ne da kai irin na CHAdeMO, yayin da kusan duk sauran motoci suka koma CCS, kuma sababbin tashoshi kan sa kan CHAdeMO ɗaya ne kawai ko ma babu. A falwaya Leaf ba ta da matsala, amma wanda zai riƙa zuwa tashar sauri ya nemi mota mai CCS.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku da ta fi su duka araha ga wanda ya cika sharuɗɗanta. Ana yanka siririn tsagi a dandamalin gefen titi daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta, a sa masa murfi ko burushi, sai a kwantar da waya a ciki ta yadda ba wanda zai yi tuntuɓe, motar ta sha wutar gida a farashin gida. Kerbo Charge da Gul-e, wanda aka fara a Oxford, su ne sanannu. Aikin tsagin kan kai kusan fam 1,000, na'urar bango ma kusan haka, kuma a 2024 gwamnati ta buɗe tallafin fam 350 ga masu ajiye mota a titi da suka bi wannan hanya. Idan aka dubi tazarar fam 160 da fam 1,200, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu cikin shekara biyu. Amma sai ƙaramar hukuma ta amince, kuma ba dukkansu ne suka fara ba da izini ba. Sai gidan yana ƙasa yana fuskantar titi. Ɗan haya kuma sai da yardar mai gida. Tsagin ma ba ya mallaka wa mutum gurbin ƙofar gidansa, duk wanda ya riga shi ya tsaya. Shimfiɗa waya tsirara a kan dandamali, ko da an rufa mata tabarmar roba, ƙananan hukumomi da yawa sun hana, kuma idan wani ya faɗi ya ji rauni mai wayar ne a ciki. Ga ƙanena da ke hawa na biyu wannan ƙofa a rufe take.

Abin da ya rage masa da ya kamata ya bincika kafin komai shi ne wurin aikinsa, domin mai aikin awa goma sha biyu motarsa ta fi daɗewa a harabar asibiti fiye da ko'ina, kuma soket mai kilowat 7 a can ya fi masa falwaya uku a unguwa, muddin ba a yi masa yawa ba. Bayan wannan akwai manhajoji irin su Co Charger da ke haɗa mai na'ura a farfajiya da maƙwabcin da ba shi da ita, a kan farashin da yawanci ke ƙasa da na titi. A unguwannin gefe, inda farfajiya ta yi yawa soket na jama'a ya yi kaɗan, wannan tsari ya fi dacewa fiye da tsakiyar birni, kuma yana da abin da falwaya ba ta da shi, wato ana iya kama lokaci tun da wuri.

Hukuncina shi ne mai tafiyar da ba ta wuce mil 30 a rana ba, wanda ke da aƙalla soket uku da zai iya takawa zuwa gare su cikin minti biyar, da kuma tasha mai na'urori da yawa a kan hanyar da ya saba bi, zai zauna lafiya da motar lantarki: falwaya ta zama abincin yau da kullum, tashar sauri ta zama ta ranar larura da doguwar tafiya. Direban haya mai yin mil ɗari da wani abu a rana dole ya haɗa biyun, ya cika da dare a falwaya ya ƙara da rana a tasha, kuma ribarsa tana rataye ne a kan yawan yunit ɗin da ya samu da dare. Wanda kuwa babu komai a kusa da shi sai tashar sauri, shawarata ya dakata. Harajin ULEZ da ake ɗora wa motoci masu yawan hayaƙi, wanda aka faɗaɗa zuwa dukkan ƙananan hukumomin Landan a ranar 29 ga Agustan 2023 a kan fam 12.50 kullum, ba hujjar gaggawa ba ce, domin yawancin motocin fetur daga 2006 da na dizal daga ƙarshen 2015 ba sa biyan sa, kuma haramcin 2030 ya shafi sayar da sababbin motocin fetur da dizal ne, ba waɗanda ke kan titi ba. Mota mai haɗa fetur da batir wadda ba a jona ta za ta riƙe irin wannan mutum har titinsu ya samu.

Na ce wa ƙanena ya buɗe Zapmap, manhajar da ke nuna wuraren caji, ya tace taswirar, ya ware na'urori masu ƙasa da kilowat 8 daban, masu 50 zuwa sama daban, ya karanta abin da masu amfani suka rubuta a kan kowacce a watan da ya wuce, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa gare su har dare uku a daidai lokacin da yake dawowa daga aiki. Da ya yi haka, ɗigo goma sha ɗayan da ya turo mini suka koma huɗu: uku suna cikin harabar wani ofis da ake kullewa da ƙarfe bakwai, biyu na otal ne da sai baƙinsa, biyu kuma suna titin da ke bukatar takardar izinin mazauna wadda adireshinsa bai cancanta ba. A cikin huɗun da suka rage, biyu ya tarar babu kowa a dukkan dararen uku. Ya rubuta wa ƙaramar hukumarsu ta shafinta na neman a sa soket a titinsu, ya kuma je ofishin kula da harabar asibitinsu ya tambayi yadda ake samun katin caji na ma'aikata, aka ce ya kawo lambar motar idan ya saya.